Butar gahawa mai ƙwallon gilashi a ka

Butar nan ta ƙarfe ce mara tsatsa, mai cin kofi 8, kuma ba ruwanta da wutar lantarki. A kan risho nake ɗora ta, wani lokaci a kan gas. Irinta ta daɗe a duniya: wani manomi ɗan jihar Illinois ta Amurka, Hanson Goodrich, ya yi mata rajistar haƙƙin ƙirƙira tun 1889.

A cikinta akwai siririn bututu da ɗan kwando mai huji-huji a samansa. Ruwa na tafasa sai ya haura ta bututun, ya zubo kan garin gahawar, ya tsiyaye ya koma ƙasa, ya sake hawa. Ta ƙwallon gilashin da ke kan murfi nake kallonsa yana tsalle, fari da farko, can ya yi ja, sannan ya yi duhu. Da ya fara tsallen nake rage wuta, in ba shi minti 7. Idan aka bar shi yana ta ɓararraka, ɗaci zai yi har madara ta kasa rufe shi.

Niƙan ma sai an kula. Tsaki-tsaki take so, kamar tsakin masara. Gari mai laushi zurarewa yake ta hujin ya kwanta a gindin kofi. Mariƙin kuma yana ɗaukar zafi, sai da tsumma.

Mai sauri da safe, Nescafé ya fi masa. Ni dai gahawarta mai ƙarfi da zafi ƙau ta yi mini, kuma wankinta ba wuya.