Kuɗi ko Kaya: Wanne Za Ka Ba Laburare?

Da yake ina yawan zuwa Laburaren Murtala Muhammad a Kano, mutane suna ta tambayata: in za a taimaka wa laburare, kuɗi za a bayar ko kaya?

Kuɗi sun fi sauƙin bayarwa, kuma su ke toshe ɓarakar da mai karatu ba ya lura da ita: man janareta, gyaran fanka, ɗinke littafin da bangonsa ya cire. Amma ka karɓi rasit, ka bi sawu.

Kaya kuwa idonka na kansu, sai dai a nan ake yawan kuskure. Wani zai kwaso kwalin littattafan da gara ta ci, ma'aikaci ya wuni yana kaɗe ƙura, ƙarshe a zubar da rabi. Littafin shirin JAMB na bana guda ɗaya ya fi wannan kwalin amfani. Ka fara tambayar abin da ɗalibai ke nema. Kujera mai ƙwari ma tana shekaru tana aiki.

Wanda ke nesa kuma ya yarda da masu kula da wurin, kuɗi sun fi masa. Malamin da ya san buƙatar ɗalibai, ya kawo littattafai.