Zagayen Adar daga Tawa: duwatsun tsohon teku da aikin majema, ko kuɗin ya biya?

A Tawa, cikin Nijar, akwai masu hayar mota kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, da ke haɗa wa mutum direba da jagora don zagayen ƙasar Adar mai tuddai. Ana fita ta Keita a bi Buza a sauka Madawa, a hau kwalta ta Galmi da Malbaza, a karya a Tsarnawa a dawo ta Badagishiri. Suna tallar abu biyu, duwatsu da sana'ar hannu. Ɓangaren sana'a sun iya shi. Ɓangaren duwatsu kuwa, wanda shi ne babban dalilin tafiyar, yawanci a gaggauce ake yin sa.

Nijar ba ta da gaɓar teku a yau, amma Adar ta taɓa zama ƙarƙashin ruwan gishiri. Tun wajen shekara miliyan 70 da suka wuce har zuwa kusan miliyan 55, wani teku marar zurfi ya riƙa shigowa yana janyewa a wannan yanki. Shaidar tana jikin gangaren tuddai, hawa-hawa. Can ƙasa laka ce da rairayin bakin ruwa. Bisa su akwai farin dutse mai cike da kwanson kawa da na wasu halittun ruwa masu siffar ƙwallo, sai wata laka mai ɓarewa falle-falle, sannan hular marmara mai duhu, mai ƙarfe, wadda ta hana ruwan sama cinye tudun. Jagoran da ya san aikinsa yakan fara da mutane daga gindin kwari ya haura da su, don su ga yadda bakin teku ya koma zurfi, zurfin kuma ya koma tudu. Jagorori da yawa kuwa sai su tsayar da mota a saman fako, su tsinto kwanso biyu daga gangare su miƙa wa baƙo. Kwanson da ya gangaro ya rabu da shimfiɗarsa, ba ya gaya wa kowa daga wane zamani ya fito.

Ku nemi a yi gwajin nan biyu a gabanku. A kankare farin dutsen da wuƙa a ɗiga ruwan lemun tsami a kan garin: in ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, irin wanda masana'antar siminti ta Malbaza ke ƙonawa, kuma danginsa ne ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. Farin abu mai ƙyalli da ke cikin lakar kuma, in farce ya karce shi kuma bai yi kumfa ba, jipsum ne, wanda ake zubawa kaɗan a siminti don kada ya yi saurin daskarewa. Tsayawar Malbaza ita kanta ba ta da wani armashi, daga waje ake hangen wurin.

Keita ta cancanci rabin yini. Aikin gyaran ƙasa da aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ya bar jerin duwatsu da ramuka a jikin tuddai, akasari da ƙarfin mata, kuma a nan ake gane dalilin da ruwa ke gudu a kan marmara ya yanka kwari.

Wajen majema ne kuɗin ke biya. Ana zaunar da baƙo a bakin kwatarniya ya sa hannu. Fatar akuya ana jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan itace a kankare, a wanke sosai, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa ana murzawa ana juyawa. Majemi zai yanki gefen fata ya nuna cikinta: in tsakiyar tana da farin layi, bagaruwa ba ta ratsa ba, kuma wannan fatar za ta ƙandare ta tsage in ta bushe. In aka bar toka a jiki kuma, fuskar fatar takan yi dabbare-dabbare. Wajen rini, ja daga karan dafi ake samun sa. Baƙi daga ruwan tsatsar ƙarfe, wanda ke komawa baƙi ƙirin da zarar ya haɗu da bagaruwar da ke cikin fata, shi ya sa ɗigo ɗaya a inda ba a so ba ya goguwa. Jima takan ɗauki kwanaki, don haka fatu daban-daban ake nunawa a kowane mataki, abin da baƙo zai gama da hannunsa bai wuce ƙaramar jaka ko kube a wurin baduku ba. Wannan daidai ne, amma ya kamata a faɗa tun wurin ciniki.

A Madawa saƙar tabarma ce. Ana tsaga kaba, a yayyafa mata ruwa, a saƙa dogon ɗauri sannan a haɗa. Busasshiyar kaba karyewa take yi a lanƙwasa, wadda ta jiƙe da yawa kuma takan saki bayan ta bushe. Masu saƙar suna da haƙurin koyarwa, sai dai ana isa wurinsu da la'asar sakaliya, kowa ya gaji.

Matsalar ke nan: ana cusa zagayen cikin kwana biyu alhali na uku yake buƙata. Kafin biyan kuɗi a tambaya ko mai yana ciki, kuma ko ladan masu sana'a yana shiga hannunsu kai tsaye. A duba tayar safaya biyu da jak mai aiki, domin tsakuwar marmara tana yanka gefen taya. Ruwan sha kada ya gaza lita 5 ga kowane mutum a yini. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya. Da damina kwari kan cika cikin ɗan lokaci ya raba hanya, lakar nan kuma tana kama mota. A tabbata masu motar sun nemi labarin tsaron hanya wurin jandarma a ranar tashi, kuma ba a tafiyar dare. Mai zuwa don duwatsu ya roƙi a kwana a Keita, a hau gangare da sassafe kafin dutse ya ɗauki zafi.