Wata uku ina koyon Esperanto a shafin lernu daga shagon ɗinkina

Ni tela ne, shagona yana kusa da babbar kasuwar Maradi. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne ya buɗe mini shafin lernu.net a salulata, wata rana da kuran ya ɗauke muka rasa abin yi. Ya ce, "Yaya, kai da kake cewa Faransanci ya wahalar da kai a lakwal, gwada wannan ka gani." Yau wata uku ke nan ina shiga, galibi tsakanin la'asar da magariba, kuma ina ganin ya dace in faɗa wa 'yan'uwa abin da na tarar.

Shafin kyauta ne, tun 2002 yake aiki, kuma ana iya juya shi zuwa Faransanci, da shi na bi darussan. Akwai darussa daki-daki, akwai bayanin nahawu, akwai ƙamus. Kuɗin intanet kawai na kashe. Harshen kuwa wani likitan ido ne mai suna Zamenhof ya tsara shi, ya fitar da littafin farko a birnin Warso a 1887, ya sa hannu da sunan Doktoro Esperanto, wato likita mai sa rai. Daga nan harshen ya samo suna.

Makon farko ya tafi a kan haruffa. Guda 28 ne, kowanne da sautinsa ɗaya tak, abin da ka gani shi za ka furta. Wanda ya sha bulala saboda haruffan Faransanci da ake rubutawa ba a faɗa, ya san darajar wannan. Harafin ŝ shi ne sh namu, ĉ shi ne c na "ciki", j kuma y ne. Ƙarfin murya kullum a gaɓa ta biyun ƙarshe yake sauka.

Sai ƙarshen kalmomi. Suna yana ƙarewa da o, sifa da a, bayanau da e. Aikatau kuma as ne ga abin da ake yi yanzu, is ga wanda ya wuce, os ga mai zuwa. Mi kudras, ina ɗinki. Mi kudris, na yi ɗinki. Mi kudros, zan yi ɗinki. Ko ni ne, ko ke ce, ko su ne, kalmar ba ta motsi. Jam'i kuma j ake liƙawa, shi ke nan: robo, roboj. Mu da riga take zama riguna, gida ya zama gidaje, kare ya zama karnuka, sai na ji tausayin baƙon da ke koyon Hausa.

Amma inda shafin ya kama ni da gaske shi ne darasin gina kalma. Ina zaune gaban keke, almakashi a cinyata, na karanta cewa tondi shi ne yanka da almakashi, in ka sa il a ciki, wato alamar kayan aiki, sai ya zama tondilo, almakashin kansa. Na gwada da kudri, ɗinkawa, na ce to kudrilo fa? Na duba ƙamus, ga shi nan: allura. Na sa ist na mai sana'a, kudristo, maɗinki. Na sa ej na wuri, kudrejo, wurin ɗinki. Wallahi sai da na ajiye salular na yi shiru. Ai wannan aikin ɗafin ma- ɗinmu ne na Hausa! Buɗe ya ba mu mabuɗi, noma ya ba mu manomi, karanta ya ba mu makaranta. Su ma lerni, koyo, ya ba su lernejo, makaranta. Bambancin kawai shi ne mu ma- guda muke sawa a gaba ta ɗauki nauyin duka ukun, su kuwa sun raba wa kowane aiki ɗafinsa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan gona, tun yana goye yake nomanta.

Haka na sake gani a wani jadawali na ƙananan kalmomi 45, irin na tambaya da nuni, da ake cewa yana tsorata masu koyo. Kie ina, ĉie ko'ina. Kiu wa, ĉiu kowa. Kiam yaushe, ĉiam koyaushe. Da na gane ĉ ɗin nan ko- ɗinmu ne na kowa da ko'ina, dare biyu na haddace rabinsa.

Akwai mal, mai juya ma'ana: bona mai kyau, malbona marar kyau, granda babba, malgranda ƙarami. Mai Faransanci ya yi hattara, domin kunnensa zai ji kamar mugu ake nufi, alhali kishiya ce kawai. Da ita ake haɗa malsanulejo, wurin marasa lafiya, wato asibiti, guntaye biyar a jere kamar an harhaɗa ƙyallaye.

Ba komai ne ya kwanta mini ba, kuma laifin na harshen ne. Harafin n da ake ƙara wa abin da aiki ya faɗa a kansa har yau yana kuɓuce mini. Mi kudras robon, ina ɗinka riga; in riguna ne masu kyau sai ka ce belajn robojn, sifa ta bi suna da j da n duka. Bin da sifa ke yi bai dame ni ba, mu ma farar riga muke cewa da fararen riguna, amma n ɗin sai da maimaici. Na biyu ya fi ci mini rai: uba patro ne, uwa kuma patrino, an ciro ta daga sunan uba. A ce malam da malama, na yarda. Uwa kuwa ta cancanci sunanta na kanta. Sannan saiwoyin kalmomin kusan duk na Turai ne, daga Latin da Faransanci da Jamusanci da makamantansu. Ni da na taɓa lakwal na tsinci tablo, libro, granda a sauƙaƙe. Yaron shagona da allo kawai ya yi, shi sai ya haddace kowace saiwa daga tushe.

Wanda yake son harshen da zai ci kasuwa da shi a Jibiya ko Katsina, Hausarsa ta ishe shi, kuma ni ban haɗu da mai jin Esperanto a Maradi ba in ban da ƙanena. Amma ɗalibi ko malamin makaranta da ke son ganin yadda harshe yake ɗinkuwa daga ciki, ina ba shi shawara ya ba shafin nan minti 20 a rana, ya fara da darussan, kada ya tsallaka zuwa nahawu sai ya yi mako biyu. Ya kuma tanadi ɗan littafi yana rubuta kowane ɗafi da takwaransa na Hausa a gefe. Nawa yana cikin aljihun keke tare da zare, na kai shafi na 14, jiya na ƙara ar, alamar taro: arbo itace, arbaro daji.