Stellarium da neman NGC 1300 a daren sanyi

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma manhajar da na fi dogara da ita wurin nuna wa ɗalibai sararin sama ita ce Stellarium ta kwamfuta. Kyauta ce. Wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara ta a 2001. Da zarar ka sauke ta ka sa sunan garinku, ko babu data za ta nuna maka sama kamar yadda take bisa kanka a wannan daren.

Na gwada ta da abu mai wuya: NGC 1300, tarin taurarin nan da ke cikin rukunin taurarin da ake kira Eridanus, wanda haskensa ke yin sama da shekara miliyan 60 kafin ya iso mana. Ina rubuta lambar, ta kai ni wurin kai tsaye. Daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da Kaza da 'Ya'yanta suka hau tsakiyar sama, shi ma yana can kudu ya ɗaga sosai.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan tari shi ne siffarsa. Hannayensa biyu ba daga cibiya suke fitowa ba. Wani dogon sandan taurari ne ya ratsa tsakiya, sai kowane hannu ya taso daga bakin sandan ya lanƙwashe. Sandan nan yana jan iskar gas zuwa ciki, inda ake haihuwar sababbin taurari. A hoton Hubble, madubin hangen nesan da ke kewaya duniya a sararin samaniya, da aka fitar a 2005 har ana ganin wani ƙaramin karkace a cikin cibiyar, mai tsawon da haske zai yi kusan shekara 3,300 kafin ya ratsa shi. Namu tarin, wanda rana ke ciki, shi ma yana da irin wannan sanda, kuma idan na faɗa wa yara haka sai ajin ya yi tsit.

Sai dai a sani: manhajar wuri take nunawa, ba ta ƙara wa ido ƙarfi. John Herschel, masanin taurari ɗan Ingila, da babban madubin hangen nesa ya gano NGC 1300 a 1835, ido kawai ba ya kama shi, ga kuma hazon hunturu da ke rufe mana sama a daidai lokacin. Don haka nakan buɗe hoton Hubble a gefe, Stellarium kuma ta nuna inda yake. A kunna jan haskenta na dare, don kada allo ya kashe ido.