Bitar Shugabanci ta Kwana Uku a Jos: Rana ta Biyu Ce Ke Biyan Kuɗin Sabulu

Jos gari ne na horo. Hedikwatar ITF, asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971, a nan take. A Kuru kuma akwai NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa, tun 1979, inda manyan ƙasa ke shafe kusan wata goma kafin su fito da "mni" a bayan sunansu, alamar zama mamban cibiyar. Sai dai mai kamfanin ruwan leda a Bukuru, ko shugabar makarantar kuɗi a Tudun Wada, ko sakataren ƙungiyar 'yan gwari a Farin Gada, ba can za su nufa ba. Abin da hannunsu ke kaiwa shi ne bitar kwana uku da kamfanonin horaswa masu zaman kansu ke shiryawa a zaurukan otel, yawanci daga Laraba zuwa Juma'a. Kuɗin kan haɗa da shayin safe, abincin rana, jaka da littafin darussa, da satifiket. Masauki daban ne, a tambaya tun kafin a biya.

Ranar farko ta majigi ce. Ana bambance manaja da jagora, ana jero halayen shugaba nagari, abubuwan da duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani ya sani. Abu guda ne mai nauyi a ciki, tsarin da masana harkar shugabanci Hersey da Blanchard suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1960: ba a jan kowa da igiya ɗaya. Sabon da bai iya ba, ka faɗa masa abin yi daki-daki. Wanda ya fara kama hannu, ka bayyana masa dalili. Wanda ya iya amma gwiwarsa ta yi sanyi, ku zauna ku yanke tare. Wanda ya iya kuma yana so, ka sakar masa mara. Awa guda ta isa wannan, saura cika lokaci ne.

A rana ta biyu ake ajiye majigi a ɗauki biro, kuma nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Darasin miƙa aiki ne. Ana ba kowa takarda mai gida biyar: aikin da za a miƙa, yadda za a gane an yi shi, ranar gamawa, iyakar kuɗi da ikon da aka bayar, da ranar dubawa. Sannan a raba mutane uku-uku, ɗaya oga, ɗaya ma'aikaci, ɗaya mai lura, minti goma a sauya. Ga irin maganar da ake so ta fito daga bakin oga: "Malam, daga yau sayen man janareto yana hannunka. Kada tanki ya sauka ƙasa da kwata. Har naira 200,000 ka saya ba sai ka neme ni ba, abin da ya haura ka kira ni. Duk Litinin ƙarfe 9 ka kawo min rasit."

Gida na huɗu shi ake tsallakewa, kusan kullum. An ɗora wa mutum nauyi ba a ba shi iko ba, sai ya dinga dawowa kan kowace jarka, oga kuma ya shiga kukan "in ba na nan komai tsayawa yake." Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa: an miƙa aikin a ofis, ƙofa a rufe, ba a gaya wa kashiya ba. Mutumin ya je karɓar kuɗi, a ce masa sai yallaɓai ya sa hannu, shi ke nan an karya shi a gaban 'yan uwansa. Mai koyarwa da ya san aikinsa zai tsayar da atisayen ya tambayi ogan, wa kuma ya kamata ya ji wannan magana?

Wannan atisaye ba ya yiwuwa da cunkoso. In mahalarta sun wuce 24, mai koyarwa ɗaya ba zai iya zagaya tebura ya ji abin da ake faɗa ba, sai bita ta koma wa'azi. A tambayi adadin kujeru kafin a tura kuɗi.

Bayan azahar sai darasin taro, shi ma yana da kyau: ajanda kada ta wuce abu huɗu, a tura ta tun jiya, a rufe kowane batu da suna da rana. Ana kuma koyar da cewa ƙaramin ma'aikaci ya fara magana, oga ya zo ƙarshe. Duk wanda ya san ofisoshinmu ya san dalili. Da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa, abin da zai biyo baya "haka ne, ranka ya daɗe" ne har a tashi.

Inda bitar ke ɗingishi shi ne darasin gyara wa ma'aikaci kuskure. Littafin darussan kan ɗauko misalansa daga Amurka, inda kowa ke kiran kowa da sunansa. Bai san da manaja ɗan shekara 32 da zai tsawatar wa direban da ya yi sa'an mahaifinsa ba, balle kashiyan da ƙanin matar mai kamfani ne. Hanyar kuwa sananniya ce: a keɓe shi, a kira shi Baba, a ambaci abin da ya faru da ranar da ya faru, a bar halinsa, sannan a rubuta a fayil kamar na kowa. Girmamawa a baki, doka a takarda. Haka ma zancen da ya fi damun shugaba a Jos, wato ma'aikata Musulmi da Kirista, ƙabilu daban-daban, inda ƙarin girma ko hutun mutum ɗaya ake karanta shi da wani ido. Maganinsa rubutacciyar ƙa'ida a manne a allon sanarwa, da jadawalin aikin Sallah da na Kirsimeti da aka fitar tun Janairu. Da wuya ka ga an ware wa wannan ko rabin awa. Abin mamaki, ba mu rasa na gida ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano kan yadda ake riƙon jama'a, amma ba ka jin sunansa a zauren.

Rana ta uku rabi ce. A guje ake bin matakai takwas na Kotter, masanin shugabanci ɗan Amurka, kan kawo sauyi a wurin aiki, a ɗauki hoto, a raba satifiket, a watse kafin sallar Juma'a. Fom ɗin da ake cikewa yana tambaya ne ko an ji daɗi, wanda a ma'aunin Kirkpatrick na auna amfanin horo, mai hawa huɗu, shi ne na ƙasa. Ko an koya, ko hali ya sauya a wurin aiki, ko an ga sakamako, babu mai waiwaya. Don haka mai biya ya sa a rubuta a yarjejeniya cewa mai koyarwa zai dawo bayan kwana 30, sannan bayan kwana 90, ya duba takardun miƙa aiki nawa aka cike da gaske.

Bitar ta dace da wanda ke da mutum biyar zuwa sama a ƙarƙashinsa kuma yana da ikon sauya wani abu ranar Litinin. A tura mutum biyu daga wuri ɗaya, don wanda ya dawo shi kaɗai da sabon tsari dariya ake yi masa. A nemi ganin shaidar cewa CMD, cibiyar da ke tantance masu horar da manajoji, ta amince da mai koyarwar. Kamfanin da ke biyan ITF kashi 1 cikin 100 na albashin shekara yana iya neman a mayar masa da wani kaso na kuɗin horo, amma sai ya nemi amincewarsu kafin a fara bitar, ya kuma adana rasit da takardar halarta.