Rile na yau da kullum ko mai riƙe kansa: wanne za ka haɗa da fanel ɗin alam?

Malam, ka ce kana da fanel ɗin alam DSC PC1832 a gida, kana so ka riƙa kunna fitilun waje da sumon burtsatse daga madannan alam, an kuma ba ka shawara biyu: wani ya ce ka sa ƙaramin rile (makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa) na yau da kullum, wani ya ce sai mai riƙe kansa. A gaskiya abu uku ne a gabanka, domin mai riƙe kansan ma kashi biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazara babba.

Fara da sanin ƙarfin fanel ɗinka. Mafita biyu ne a jikin allonsa da za ka iya tsarawa, ana kiransu PGM: PGM1 yana ɗaukar 50mA, PGM2 kuma 300mA. Ba sa fitar da 12V, jan waya suke yi zuwa ƙasa, don haka ƙafa ɗaya ta koyil ɗin rile (naɗin wayar da ke jan sa) tana zuwa AUX+, inda fanel ke fitar da 12V, ɗayar ta shiga PGM. Umarnin da za ka iya dannawa huɗu ne, daga *71 zuwa *74. Duk lissafin da za mu yi a cikin wannan iyaka yake.

Rile na yau da kullum kowa ya san halinsa. Muddin wuta na cikin koyil yana riƙe, an ɗauke ta ya saki. Shuɗin nan na Songle mai 12V koyil ɗinsa 400 ohm ne, yana cin kusan 30mA, don haka ko PGM1 zai ja shi. Mafita ɗaya, umarni ɗaya, ka danna ya kama, ka sake dannawa ya saki. Kuma fanel bai taɓa ruɗewa a kansa ba: in PGM a kunne yake, rile a kunne yake. Aibinsa shi ne ci ba hutu. Guda huɗu a kunne 120mA ke nan, a awa 12 na dare kusan 1.4Ah daga batir mai 7Ah, wanda dama shi ke ciyar da fanel da madannai da na'urorin gano motsi. A inda ake ɗauke wuta yini guda, wannan ba ƙaramin kaso ba ne, kuma an sa batirin ne don jiniya ta yi ƙara ranar da ɓarawo ya shigo. Sannan da zarar batir ya ƙare ko fanel ya sake tashi, fitilunka sun mutu ko da inbata na da caji.

Mai riƙe kansa ba ya cin komai sai a daidai lokacin da zai juya. Ɗan bugun wuta na ƙasa da sakan ɗaya ya ishe shi, daga nan maganaɗisu ko ɗan maƙalin ƙarfe ya riƙe shi a inda ya tsaya. Irinsa ne a cikin mitar kati: ƙarar nan da kake ji lokacin da kuɗi suka ƙare, shi ne ya juya, kuma zai zauna a haka ko da wuta ko babu.

Na farko a cikinsu mai koyil biyu ne, ɗaya na kunnawa ɗaya na kashewa. Tsohon misalinsa shi ne GE RR7, wanda aka sa irinsa a gidajen Amurka tun shekarun 1950, mai aiki da 24V da waya uku: ja ta kunna, baƙa ta kashe, shuɗiya ta haɗa su. Kyawunsa umarninsa ba ya da harshe biyu. Ka aika "kashe" sau goma, a kashe zai zauna. In ma wani ya taɓa shi da hannu, ko bugu ɗaya ya ɓace, umarni na gaba zai mai da shi daidai. Kuɗinsa kuwa mafita biyu da umarni biyu a kan kowane layi. Ko ka ƙara allon PC5208 mai mafita takwas, umarnin madannai huɗu ne dai, wato layi biyu kacal.

Na biyun shi ne mai taku, wanda bugu ɗaya ke kunnawa, bugu na gaba ya kashe. 'Yan'uwanmu masu aikin wuta a Nijar sun fi saninsa, shi ne télérupteur da ake sa wa fitilun matakala; Schneider na da iTL mai 16A, Finder da Legrand ma suna yi. Ya fi kowanne daɗin haɗawa, domin mafita ɗaya yake buƙata, kuma za ka iya jera maɓallan bango ko nawa ne a kan waya ɗaya. To a nan ne matsalar take, kuma ita ce na fi so ka riƙe. Fanel bai san inda rile ya tsaya ba, juyawa kawai yake umarta. Na taɓa zuwa gyara a wani gida da aka tsara fitilun waje su kama idan an kulle alam da dare. Maigadi ya riga ya kunna su daga maɓallin bango da magariba, mai gida ya kulle alam ƙarfe 11, bugun ya zo ya kashe su. Kwana da kwanaki gidan na kwana cikin duhu, da asuba kuma a buɗe alam fitilu su kama. Babu abin da ya lalace, kowace na'ura ta yi abin da aka ce ta yi. In dole sai shi, ɗauki wanda ke da ƙarin kontak, ka mayar da shi cikin zon (mashigar na'urar tsaro a fanel) da ba a amfani da shi tare da razista 5.6k, ka tsara zon ɗin a matsayin wanda ba ya tayar da jiniya. Aƙalla za ka gani a madannai ko fitila na kunne.

Abu biyu ke ƙona wa mutane kaya a nan. Na ɗaya, koyil ɗin manyan masu riƙe kansu yana jan wuta mai yawa a ɗan lokacin bugun, fiye da abin da PGM zai jure. Kada ka haɗa kai tsaye. PGM ya ja ƙaramin rile, ƙaramin ya ba babban wuta daga tasa taransifoma, ita kuma a ɗauko ta daga layin inbata don umarni ya yi aiki ko an ɗauke wuta. Kowane koyil na 12V da ke kan PGM ka gitta masa dayod 1N4007, zoben yana kallon AUX+. Na biyu, tsawon bugu. DSC yana zuwa da sakan 5, koyil ɗin kuwa ba a yi shi don dogon riƙo ba. Shiga sashe na 170 a saitin fanel ka mai da shi 001, wato sakan ɗaya.

Sumo kuma maganarsa daban ce, kuma a kansa ba na sassautawa: kada ka sa masa mai riƙe kansa. Ka tambayi kanka me kake so ya faru ranar da fanel ya mutu kana kasuwa. Fitila gara ta ci gaba da ci. Injin ruwa gara ya tsaya, in ba haka ba tanki ya yi ta ambaliya, ko ruwa ya ja baya injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Abin da muka kira aibi a rile na yau da kullum, wato sakin da yake yi, shi ake nema a nan. Ƙaramin rile ya ja koyil ɗin kontakta (babban rile mai ɗaukar inji), kontakta ta ɗauki injin, a jera maɓallin tanki mai iyo a kan layin koyil ɗin don ya yanke idan ruwa ya cika.

Da ni ne a gidanka, fitilun waje duka zan haɗa su layi ɗaya a kan mai koyil biyu, *71 ya kunna, *72 ya kashe. Sumo ya ɗauki *73 a kan rile na yau da kullum, a tsara shi kunna-kashe ba tare da bin agogon bugu ba. Mafita uku ke nan, don haka sai ka sayi PC5208. Ka lura fitilun LED suna fizgar wuta mai yawa a farkon kamawa, har sukan manne kontak ɗin ƙananan rile, saboda haka ɗauki mai 16A ko sama ko da lissafin wat ɗinka ƙarami ne. Duk abin da ke ɗauke da 230V a sa shi a nasa akwatin kusa da allon rarraba wuta, siririyar wayar 12V kaɗai ta fito daga akwatin alam ta same shi.