Makarantar rainon yara da ɗalibanta ke dawowa gida da ƙasa a farce

Akwai wata makarantar rainon yara a unguwar Arkilla da ke Sakkwato, ba babba ba ce, ajujuwa kaɗan da fili a bayansu, inda ɗiyata mai shekara huɗu take zuwa tun bara. Mata da yawa da ke kawo mini ɗinki sun tambaye ni ko su kai nasu can, to ga abin da na gani, da mai daɗin da marar daɗin.

Abin da ya raba ta da sauran shi ne yadda suka tsara lokaci. A yawancin makarantun da na sani, tun ƙarfe takwas ake jera yara a kan benci suna rera baƙaƙen Turanci, sai wajen sha ɗaya a sake su su yi wasa, lokacin da rana ta riga ta take. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ya san babu yaron da zai more wasa a wannan lokacin. Su nan sai suka juya abin. Ana gama addu'ar safe ake fita waje, a yi wasa da aikin lambu da sauran sanyin safiya, in rana ta fara cizo a wanke hannu a shiga aji. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai su fara da aji, ba a fita sai hazo ya ɗan lafa gari ya yi ɗumi. Yaran da ƙura ke tayar wa tari ana barin su a baranda da wata malama. Wannan tsarin kaɗai ya isa in yaba musu, don ya nuna masu makarantar sun dubi garin da suke ciki, ba su kwafo jadawalin wani wuri ba.

Filin nasu ba wani abin kallo ba ne. Itatuwan dogon yaro ne masu inuwa, da tsamiya guda a kusurwa, da zogale da aka jera a jikin katanga, sai rumfar zana da aka zuba yashi a ƙarƙashinta. Amma lambun shi ne zuciyar wurin. Wani dattijo ke kula da shi, mutumin wajen Kwalkwalawa ne, wani ƙauye kusa da Sakkwato, ya yi noman fadama shekara da shekaru kafin ƙarfi ya ja baya. Yaran suna ce masa Baba, shi kuma bai san wani kira ba sai "ɗiyana". Na taɓa tarar da shi a tsugune, yara sun kewaye shi, yana cewa, "Ku taho ku gani, ɗiyana, wanga wake ya huddo. Kar ku taɓa mai kai, ruwa kaɗai shika so." Kowane yaro yana da gwangwanin tumatir da aka huda ƙasansa, da sunansa a jiki, shi ke ba shukarsa ruwa. Da ruwan sama ya sauka a watan Yuni sun shuka gero a 'yan kunyoyi, aka tafi dogon hutu, da suka dawo a Satumba suka tarar ya fi malamarsu tsawo ya fid da kai. Ɗiyata ta yi kwanaki ba ta da zance sai wannan. Har ta tsare ni da tambaya ko furar da muke sha daga irin wannan geron take. Yanzu da rani albasa suka dasa, abin da ƙasarmu ta yi suna da shi, kuma yara da yawa a cikin gari ba su taɓa ganinta a cikin ƙasa ba sai a faifan mai kayan miya.

Malaman ma ba su tsaya a shuka ba. Suna barin yara su bi layin tururuwa su ga inda take kai hatsi, su tsaya su kalli ƙadangare yana gyaɗa kai a katanga, su kori malam-buɗe-littafi. Rannan muna kan hanya ɗiyata ta nuna mini shamuwa a saman wani icce ta ce, "Mama, damina ta kusa." Ni daga bakin kakata na ji wannan, ban zaci a makarantar boko za a koya mata ba. Ƙirga ma da tsakuwa da 'ya'yan dogon yaro suke farawa, baƙaƙe kuma da yatsa a kan yashi kafin a ba su fensir. Wasannin namu na gida ne, ɓuya, 'yar gala-gala, gaɗa, da langa wadda 'yan shekara huɗu ba su iya ba, faɗuwa kawai suke yi suna dariya.

To, sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko rigar makaranta. Ban san wanda ya ba da shawarar a yi ta fara ba, alhali an san a ƙasa yaran za su wuni. Ni da nake ɗinki na san akwai yadi mai duhu mai ƙarko da bai fi wannan tsada ba. Kullum sai wanki, kuma sabulu ba kyauta ake ba da shi ba. Na biyu, famfo ɗaya ne a filin, yara sai sun yi dogon layi kafin su wanke hannu, ƙananan kuma sukan gaji su shige aji haka nan. Randuna biyu da butoci za su kashe wannan matsalar. Na uku shi ya fi damuna: lilo da abin zamewa na ƙarfe ne, kuma an kafa su a inda inuwa ba ta kaiwa. Yaran da ba a zo ɗauka da wuri ba sukan je su hau da azahar, ƙarfen kuwa ya yi zafi kamar tanda. Ɗan wata maƙwabciyata ya ƙone a cinya. Na yi wa shugabar makarantar magana, ta ce, "Hajiya, za mu yi masa rumfa in Allah ya so." Har yau dai ban ga rumfar ba.

Zancen kunama, wanda shi ne farkon abin da kowace uwa ke tambaya, sun ba ni amsa mai gamsarwa. Ana share filin kowace safiya kafin yara su iso, ana ɗaga duwatsu da gwangwanaye a duba, kuma ba a barin yaro ya fita babu takalmi rufaffe. Da damina ma suna zubar da duk ruwan da ya kwanta saboda sauro.

Akwai iyayen da suka cire 'ya'yansu don ba a ba da aikin gida da yawa. Ƙanwar maigidana tana cikinsu, ta ce nata yana ƙirga har ɗari a wata makarantar, tawa kuwa ba ta wuce ashirin ba. Gaskiya ne. Sai dai in ka zuba wa tawa dabino bakwai ka ɗauke biyu, za ta faɗa maka saura nawa, wannan kuwa ya fi mini haddar da ba a san ma'anarta ba. Wanda yake son littafi cike da jan biro tun yaro na shekara uku, wannan ba makarantarsa ba ce.

Kuɗinsu ya ɗan ɗara na makarantun da ke kusa, kuma akwai ɗan abin da suke karɓa na lambu kowane zango. Ba su da motar ɗaukar yara, sai dai ki kai da kanki ko ki sami mai Keke Napep amintacce, don ni ban yarda a ɗora ƙaramin yaro a kabu-kabu shi kaɗai ba. In za ki je dubawa, ki je da ƙarfe takwas na safe lokacin da yaran ke waje, ki kuma tambayi ko an yi wa lilon rumfa.